Begen Ranar Asabar: An Auna Wasiƙar Spe Salvi da Ma'aunin Kartum da Umdurman

Kowace shekara, idan Ista ta kewayo, majami'un ƙasar Hausa sukan cika maƙil. Zumuntar mata ta fito da anko da tulunan kiɗa, mawaƙa su rera waƙoƙin tashin Ubangiji, ran Litinin kuma manya da yara su ɗunguma zuwa Galili da abincinsu. A kan mumbari mai wa'azi yakan jawo karin maganar da kowa ya sani, ya ce komai nisan dare gari zai waye, bayan wuya kuma sai daɗi. Jama'a su amsa da amin. Amma a cikin masu amsawar akwai gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, akwai magidancin da ya shekara biyar yana gudun hijira a ɗakin aro. Ga waɗannan gari bai waye ba tukuna, ba kuwa wanda ya isa ya faɗa musu ranar da zai waye. Tambayar da ta rataya a wuyan ikkilisiya ita ce, wane bege ne Ista take miƙa wa wanda darensa bai ƙare ba?

Ɗaya daga cikin rubuce-rubucen da suka yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya ita ce wasiƙar da Paparoma Benedik na 16 ya fitar ran 30 ga Nuwamba 2007, wadda ake kira Spe Salvi da harshen Latin. An ɗauko sunan daga Romawa 8:24, inda Manzo Bulus ya haɗa ceto da bege. Wasiƙar Katolika ce, amma batunta na dukan masu bi ne. Saboda haka ta cancanci ɗan ECWA da ɗan COCIN da ɗan Angalika da ɗan Baftis su karanta ta da idon basira, su ɗauki abin ɗauka, su bar abin bari. Akwai kuma dalilin da ya sa ya dace a auna ta da Kartum da Umdurman, biranen nan da suke fuskantar juna a mahaɗar Kogin Nilu. Shaida ta fari da marubucin ya kira don ta tabbatar da maganarsa, baiwa ce da aka saya a Kartum.

Abin da wasiƙar ta ƙunsa

Wasiƙar tana da sassa 50 masu lamba. Tushen maganarta shi ne, bishara ba ta tsaya ga sanar da mutum wani labari ba, tana sāke rayuwar wanda ya karɓe ta. Wanda ya san inda tafiyarsa za ta ƙare yana iya jure wahalar hanya. Marubucin ya daɗe a kan Ibraniyawa 11:1, yana nuna cewa bangaskiya takan sa mai bi ya riƙe wani abu na abin da yake jira tun yanzu, kamar iri a cikin ƙasa.

Bahaushe zai gane wannan da sauri idan ya duba kalmominsa. Akwai fata, wato abin da mutum yake so ya faru, ko ya faru ko kada ya faru. Akwai bege, kalmar da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta saba amfani da ita, wadda take ɗauke da marmarin wanda ake ƙauna. Akwai kuma sa zuciya, wadda fassarar da ta biyo baya ta fi so, wato jiran abin da aka yi alkawarinsa. Wasiƙar tana ƙoƙarin raba begen Kirista da fata, ta ɗaure shi ga Allah mai rai wanda ya bayyana fuskarsa cikin Almasihu.

Daga nan marubucin ya bi tarihin Turai, ya nuna yadda masana irin su Francis Bacon da Karl Marx suka mai da begen mulkin Allah ya zama begen ci gaba, ko ta hanyar kimiyya ko ta hanyar juyin juya hali. Ya raba bege gida biyu: ƙananan bege na yau da kullum, kamar aure da aiki da zaman lafiya, da babban bege wanda yake tsayawa ko da ƙananan sun rushe. A ƙarshe ya ambaci makarantu uku inda ake koyon bege: addu'a, aiki tare da shan wahala, da shari'ar ƙarshe.

Bakhita da ubangijinta

An haifi Josefin Bakhita a Darfur wajen 1869. Masu farautar bayi suka sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu. Wasiƙar ta ce tabo 144 ta ɗauka a jikinta har mutuwa. Sunan Bakhita ma masu sace ta ne suka laƙaba mata, ma'anarsa mai sa'a. A Kartum aka saye ta domin ƙaramin jakadan Italiya, Callisto Legnani, wanda ya tafi da ita ƙasarsu sa'ad da rundunar Mahadi ta matso. A Italiya ta ji bishara, aka yi mata baftisma ran 9 ga Janairu 1890, ta ɗauki alkawarin zama sista a 1896, ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947.

Benedik ya gina labarin a kan kalma ɗaya ta harshen mutanen Benis, wadda take nufin maigida ko mai bawa. Bakhita ta san iyayengiji masu duka da zagi. Sai ta ji labarin wani wanda yake bisa dukansu, wanda ya san ta, yana ƙaunarta, shi kansa ma an yi masa bulala. A Hausa wannan magana ta fi zama daram, gama kalmar da ake kiran mai bawa da ita, wato ubangiji, ita ce masu bi suke kiran Yesu da ita. Wannan sashe shi ne mafi kyau a farkon wasiƙar, yana kuma da sauƙin da yaro zai fahimta.

Amma akwai abin da aka tsallake. Wasiƙar ta faɗi cewa Bakhita ta ƙi yarda a komar da ita Sudan, ba ta kuwa faɗi yadda ƙin nata ya tsaya ba. Uwargijiyarta ta so ta tafi da ita Sawakin a bakin Bahar Maliya. Sistocin da suke koya mata suka tsaya mata, magana ta kai gaban hukuma, ran 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka Bakhita 'ya ce. Begen da ke zuciyarta ya ba ta ƙarfin cewa a'a, amma sai da jama'a da doka suka tsaya a bayanta. Idan aka cire wannan daga labarin, mai wa'azi marar lura yana iya mai da shi ta'aziyyar da za ta sa wanda ake zalunta ya yi shiru. Wannan giɓi ƙarami ne a ido, amma zai sāke bayyana a gaba.

Birnin da za a auna wasiƙar da shi

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ta nan alhazan dā suke ratsawa da ƙafa zuwa Makka, da yawa kuma suka zauna, har zuriyarsu suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ga Kirista kuma akwai wata dangantaka. Ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM, waɗanda aikinsu ya haifi ECWA da COCIN, sun yi aiki a Sudan ma, SUM a Duwatsun Nuba, SIM kuma wajen iyakar Habasha. Ikkilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki sun kafa majami'u a Kartum da Umdurman sa'ad da mutanensu suka ƙaura zuwa birni. Wato 'yan'uwa ne na uwa ɗaya.

Bangaskiyar Kirista ta daɗe a wurin. Soba, wadda take gefen Kartum ta yau, ita ce babban birnin mulkin Alwa, wanda ya karɓi bishara wajen shekara ta 580, ya kuma dawwama har wajen 1500. Bishop Daniel Comboni ya rasu a Kartum ran 10 ga Oktoba 1881. Mahadi ya ci birnin ran 26 ga Janairu 1885, mulkinsa da na Halifa Abdullahi ya zauna a Umdurman har 1898. Babbar majami'ar Angalika ta fari, wadda aka keɓe a 1912, gwamnati ta ƙwace ta a 1971, daga baya aka mai da ita gidan tarihi. Yaƙin basasa na 1983 zuwa 2005 ya koro dubban dubbai daga kudu da Duwatsun Nuba, aka tura da yawa zuwa sansanoni a bakin hamada, irin su Jabal Auliya da Wad al-Bashir, inda suka gina ɗakunan sujada da laka da buhu. Ran 10 ga Fabrairu 1993 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya yi sujada a babban filin taro na Kartum, ya gabatar musu da Bakhita a matsayin 'yar'uwarsu.

Ista kanta ta taɓa zama abin rikici a birnin. A Afrilu 2001 hukuma ta hana taron Ista da aka shirya a wannan fili, inda Reinhard Bonnke zai yi wa'azi, mutumin da Kiristan Kano ba za su manta da zuwansa na Oktoba 1991 ba. Masu bi suka taru a babbar majami'ar All Saints, 'yan sanda suka shiga da barkonon tsohuwa, aka kama fiye da mutum 100, aka yi wa waɗansu bulala. Bayan Kudancin Sudan ya ɓalle ran 9 ga Yuli 2011, Kirista da yawa suka koma kudu, waɗanda suka rage suka ƙara zama tsiraru. A 2014 aka yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim hukuncin kisa a kan ridda, ta haihu a kurkukun mata na Umdurman kafin a sake ta. A Mayu 2017 aka rushe wata majami'a a Soba.

Inda wasiƙar ta faɗi gaskiya

Sai aka ga kamar gari ya waye. Umar al-Bashir ya faɗi ran 11 ga Afrilu 2019. Aka sa wata Bakibɗiya, Raja Nikola, cikin majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya. A Disamba 2019 aka komo da hutun Kirsimati, ministan harkokin addini kuma ya roƙi gafarar Kirista a kan abin da aka yi musu a dā. A Yuli 2020 aka soke dokar ridda. Waɗannan abubuwa na alheri ne, ya kuma dace a gode wa Allah dominsu. Amma ran 25 ga Oktoba 2021 soja suka kifar da gwamnatin, ran 15 ga Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Kartum tsakanin sojan Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo.

Ya kamata a lura da wannan rana. Katolika da Angalika da sauran ikkilisiyoyin bishara sun riga sun yi Ista ran 9 ga Afrilu. Kibɗawa kuwa, da 'yan Habasha da Eritriya masu bin lissafin gabas, tasu Ista ran 16 ga Afrilu ce. Ashe yaƙin ya fara ne ran Asabar da take tsakanin gicciye da tashi. Bisa ga al'adar Kibɗawa, daren Jumma'a wayewar Asabar ɗin nan akan kwana a majami'a ana karanta Wahayin Yahaya tun daga farko har ƙarshe. Da safe aka ji harbi. Musulmin birnin kuma suna cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan.

A nan maganar Benedik a kan ƙananan bege da babban bege ta tabbata, ko da yake shi ya rasu ran 31 ga Disamba 2022, bai ga yaƙin ba. Wanda ya ɗora bangaskiyarsa a kan canjin 2019 ya tarar da kansa hannu wofi cikin shekara huɗu. Haka kuma karin maganar dare da wayewar gari ta nuna iyakarta. Gari yana wayewa domin haka Allah ya tsara tafiyar rana, ko an yi addu'a ko ba a yi ba. Tashin Almasihu ba ya cikin wannan tsari. Ba wanda ya kwana ran Asabar ɗin fari yana lissafin sa'o'in da suka rage, gama matattu ba su saba tashi ba. Allah ne ya yi sabon abu. Mai wa'azin da ya mai da Ista misalin bayan wuya sai daɗi ya rage mata nauyi, ya kuma yi wa jama'a alkawarin da Ubangiji bai yi ba. Mutanen Kartum sun ga bayan wuya wata wuyar ta zo wadda ta fi ta fari.

Wuri na biyu da wasiƙar ta yi ƙarfi shi ne maganar shari'ar ƙarshe. Masu wa'azi da yawa sun saba kawo ranar shari'a don tsoratarwa. Benedik ya kawo ta a matsayin bege. Hujjarsa ita ce, idan babu tashin matattu, to, babu adalci ga wanda aka kashe a ɓoye, gama ba kotun duniya da za ta komo masa da ransa. Ya kuma nace cewa alheri ba ya share adalci, kamar a ce abin da mugu ya yi da abin da aka yi wa wanda ya zalunta duk ɗaya ne. A lokacin yaƙin, mutanen Kartum da Umdurman sun binne 'yan'uwansu a tsakar gida, da filin makaranta, da gefen titi, domin ba halin kai gawa makabarta. A 2025 hukuma ta shiga tone waɗannan kaburbura tana sāke binne su. Waɗansu ba a san sunansu ba. Ga uwar da ba ta san inda ɗanta yake kwance ba, koyarwar tashin jiki ita ce tabbacin cewa akwai wanda ya san wurin, ya san sunan, zai kuma tambayi wanda ya yi kisan. A wannan babi wasiƙar ta ba ikkilisiya abin da za ta faɗa a bakin kabari ba tare da ƙarya ba.

Inda wasiƙar ta gaza

Gazawa ta fari ita ce, hujjar wasiƙar tana cewa jama'a, misalanta kuwa suna nuna mutum ɗaya. Marubucin ya ɓata lokaci yana musun cewa begen Kirista na mutum ne shi kaɗai, ya kuma yi daidai. Amma idan aka duba shaidun da ya kira, kusan dukansu ɗaiɗai suke tsaye: Bakhita a gidan sistoci, Kadinal Nguyen Van Thuan na Biyetnam wanda ya shekara 13 a kurkuku, wani shahidi na ƙasar nan da yake rubutu daga ɗaurinsa, da Agustin cikin tunaninsa. Bakhita kuma ba ta ƙara taka ƙasar Sudan ba. Mai karatu zai so ya ji labarin waɗanda suka zauna.

A Umdurman akwai unguwa mai suna Masalma. Sunan ya samo asali daga Kirista, Kibɗawa da Girkawa da Siriyawa, waɗanda aka tilasta musu su musulunta a zamanin Mahadi. Shekara 13 suka yi ba sujada a fili. Bayan 1898 waɗansu suka komo ga ikkilisiya, waɗansu kuma suka zauna cikin Musulunci, zuriyarsu suka ci gaba da zama maƙwabta. Labarinsu ba shi da kyan gani kamar na Bakhita, gama akwai tsoro da sassauci a ciki. Duk da haka daga wannan unguwa majami'u suka sāke tsiro. A cikinta ne majami'ar Kibɗawa ta Mar Girgis take, wadda 'yan bindiga suka faɗa wa a tsakiyar Mayu 2023, suka raunata limamin da waɗansu masu bi, kowane ɓangare na yaƙin kuma ya ɗora wa ɗayan laifi. Wannan ya faru cikin kwana 50 na murnar tashin Ubangiji bisa ga lissafinsu.

A unguwar Shajara, kudu da Kartum, akwai gidan sistoci mai suna Dar Maryam. Sistocin da wani limami ɗan Indiya suka buɗe ƙofa ga mutane da dama, yawanci mata da yara, suka zauna tare da su fiye da shekara guda a tsakiyar wuta. Bam ya faɗa wa gidan ran 3 ga Nuwamba 2023, abinci ya yi ta raguwa, sai a 2024 aka samu kwashe su. Dakarun RSF suka mamaye harabar All Saints tun farkon yaƙin, Babban Bishop Ezekiel Kondo na Angalika ya ƙaura zuwa Fot Sudan, haka ma Babban Bishop Michael Didi na Katolika. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. A irin wannan hali bege yakan ɗauki kamannin tukunya ɗaya da ake rabawa, da tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙo, da sujadar da ake yi a ɗaki da murya ƙasa ƙasa. Wasiƙar ta faɗi cewa ana auna mutuntakar al'umma da yadda take riƙon mai shan wahala, amma ba ta zana hoton ikkilisiyar da take yin haka ba. Giɓin nan da aka gani a labarin Bakhita shi ne ya ƙara faɗi.

Gazawa ta biyu ita ce, abokan muhawarar marubucin duka Turawa ne. Yana magana da mutumin da ya ƙoshi, wanda ya dogara ga kimiyya har ya ga ba ya bukatar Allah. Mutumin Umdurman ba wannan ce cutarsa ba, haka ma mutumin Gwoza ko Zangon Kataf. Shi ya gaskata da Allah, maƙwabcinsa Musulmi ma ya gaskata da ranar sakamako. Tambayarsa ita ce yaushe, da kuma yadda zai zauna da maƙwabcin kafin ranar. A lokacin yaƙin matasan unguwanni suka kafa ƙungiyoyin agajin gaggawa da wuraren dafa abinci na jama'a da ake kira takaya, al'adar da ta samo tushe daga zawiyoyin Sufaye. Yawancin masu dafawar Musulmi ne, ba a kuwa tambayar mai kwano addininsa. Kirista ba zai ce wannan abinci shi ne ceto ba, amma wajibi ne ya gan shi a matsayin jinƙan Allah, kamar yadda Iliya ya ci daga hannun gwauruwar Zarefat wadda ba Ba'isra'iliya ba ce. Wasiƙar ba ta taimaki mai karatu ya yi tunani a kan wannan ba. Masanin tauhidi na Jamus, Jürgen Moltmann, wanda littafinsa a kan bege ya fito a 1964, ya yi irin wannan suka a 2008, yana ganin wasiƙar ta ƙuntata bege, ba ta ba mulkin Allah da sabuntawar dukan halitta isasshen fili ba.

Gazawa ta uku ita ce mafi ban mamaki. Wasiƙa ce a kan bege, amma safiyar Ista ba ta sami babban wuri a cikinta ba. Ta yi magana mai daɗi a kan Almasihu makiyayi wanda ya ratsa kwarin mutuwa ya komo, ta ambaci duhun ranar Asabar a addu'ar rufewa. Amma ba ta tsaya a bakin kabarin da aka tarar ba kowa ba, ba ta kuwa gina hujjarta a kan 1 Korantiyawa 15 ba, inda Bulus ya rataya dukan bangaskiya a kan tashin Almasihu. Masu bi na ikkilisiyoyin bishara za su kuma tarar da abin da ba za su karɓa ba: koyarwar tsarkakewa bayan mutuwa, yin addu'a domin matattu, da roƙon Maryamu da aka rufe wasiƙar da shi. Gaskiya ce a faɗi haka a fili. Sai dai wannan bambanci bai isa ya hana a amfana da sauran ba, gama ba a ƙin zuma saboda kakin da ke cikinta.

Abin da mai wa'azi zai ɗauka

A ƙarshen Maris 2025 soja suka sāke karɓe Kartum. Ran 20 ga Afrilu na wannan shekara Ista ta gabas da ta yamma suka faɗo rana ɗaya, abin da ba kullum yake faruwa ba. Mutane suka fara komowa, suka tarar da gidaje an wawashe, ba ruwa ba wuta. Ginin All Saints yana tsaye, amma an yi wa harabar ɓarna mai yawa. A Yuli 2025 hukuma ta rushe wata majami'ar Fentikos a unguwar Haj Yusuf, yaƙi kuma ya ci gaba a Darfur da Kurdufan. Wanda ya ɗauki shigowar soja a matsayin wayewar gari ya sāke maimaita kuskuren 2019.

Labarin da ya fi dacewa da waɗannan masu komowa yana cikin Luka 24. Almajirai biyu suna barin Urushalima zuwa Imuwasu ran Lahadin tashi, fuskokinsu a murtuke, suna maganar begensu kamar abin da ya riga ya wuce. Ubangiji bai tsawata musu don baƙin cikinsu tun da fari ba. Ya yi tafiya tare da su, ya saurara, ya buɗe musu Littattafai, suka gane shi wajen gutsura gurasa. A daren nan suka tashi suka koma birnin da suka baro. Bilatus yana nan a kan kujerarsa, waɗanda suka ƙulla kisan suna nan, ƙofofi kuma a kulle suke saboda tsoro. Ba abin da ya sāke a birnin, sai dai sun san Yesu yana da rai, suka kuwa nemi 'yan'uwansu.

Hukuncin da za a yanke wa Spe Salvi ke nan. Ta yi daidai da ta raba begen Kirista da alkawaran gwamnati da na ci gaba, ta kuma komo da ranar shari'a cikin ta'aziyyar waɗanda aka zalunta. Ta gaza wajen nuna cewa jama'a ce take ɗaukar wannan bege, a wuri ɗaya, tare da maƙwabta, tushensa kuma kabarin da ba kowa a ciki. Ya kamata fastoci da ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki su karanta ta, su ajiye Luka 24 da 1 Korantiyawa 15 a gefenta, su kuma riƙa tunawa da 'yan'uwansu na Kartum da Umdurman cikin addu'a da baiko.

Idan Ista ta sāke zuwa, gwauruwar nan za ta zauna a bencinta kamar kullum. Ba ta bukatar a faɗa mata cewa baɗi war haka komai zai yi daidai, gama mai wa'azi bai sani ba. Abin da ya sani, wanda kuma aka aike shi ya faɗa, shi ne Almasihu ya tashi daga matattu, mijinta ma zai tashi, jininsa kuma ba a manta da shi a gaban Allah ba. Bayan an tashi daga sujada, sauran wa'azin yana hannun jama'a: wanda zai raka ta gida, wanda zai kai mata hatsi, da wanda zai tsaya mata idan aka zo ƙwace gonar marayunta.